Tsofaffin kat-kat na kasuwannin ƙauye: wa zai ƙera musu kayan gyara?

Duk ɗan kasuwa ko ƴar kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san cewa inda kwalta ta ƙare, daga nan sai tsohuwar Land Rover ko tsohuwar Toyota Land Cruiser, motocin nan da muke kira kat-kat saboda tayoyinsu huɗu duka suna ja. Su ne ke ratsa rairayi da rani, su ratsa laka da ƙorama da damina, ɗauke da buhunan wake da aya da albasa, ga awaki a ɗaure, ga mutane a bisa kaya. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. To amma a ƴan shekarun nan kuka ɗaya ake ji a tashoshi da gareji: mota ta tsaya, an san abin da ya lalace, an zagaye shaguna ba a samu ba.

Wata za ta ce, ni da ba ni da mota, ina ruwana da kayan gyara? Ai kuwa da ruwanki, Hajiya. Ranar da motar garinku ta kwana gareji, ranar ce tumatir ɗinki zai ruɓe a bakin hanya, ko kuwa ki biya kuɗin mota fiye da yadda kika saba domin sauran direbobi sun ga babu mai tsere da su. Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako, wanda ta wuce shi sai ya jira kwana bakwai. Kuma duk abin da mai mota ya kashe wajen neman ƙarfe ɗaya, a kan buhunki zai fanshe shi. Saboda haka maganar kayan gyaran kat-kat magana ce ta farashin cimaka, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, magana ce ta rayukan mutane.

Abin da ya sa kayan suka yi wuya

Dalili na farko shi ne tsufa. Kamfanin Land Rover na ƙasar Ingila ya fitar da motarsa ta farko a shekarar 1948. Samfurin da ake kira Series III, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, an ƙera shi daga 1971 zuwa 1985, sannan tsohuwar Defender da ta gaje shi aka daina ƙera ta a watan Janairun 2016. A ɓangaren Japan kuwa, Toyota ta ƙera Land Cruiser samfurin 40 daga 1960 zuwa 1984, samfurin 60 da ya fito a 1980 shi ma an daina shi tun wajen 1990. Ke nan motar da ta fi ƙuruciya a cikin samfurin 40 da aka ƙera a Japan ta haura shekara arba'in.

Al'adar kamfanonin motoci ita ce su ci gaba da ajiye kayan gyaran samfuri na wasu shekaru bayan sun daina ƙera shi, daga nan sai su rufe littafi. Kowane ƙarfen mota yana da mazubinsa ko ma'auninsa a masana'anta, kuma ajiye waɗannan yana cin wuri, yana cin kuɗi. Idan masu saye suka ragu sai a narkar da su. Sau da yawa ma ba kamfanin da sunansa ke jikin motar ke ƙera ƙananan kayan ba, wasu ƙananan masana'antu ne ke yi masa, kuma wasunsu sun rufe tuntuni.

Dalili na biyu shi ne rijiyar da muke ɗiba tana ƙafewa. Shekara da shekaru da kayan gwanjo muke rayuwa, wato a farke mota guda a gyara uku da ita, ko a kawo injuna da giya na hannu daga Turai ta tashar jiragen ruwan Kwatano, ko a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna. To motar da aka daina ƙerawa, kowace aka farke ta tafi ke nan, babu wadda za ta maye gurbinta. Ƙari a kan haka, a Turai da Amurka da Japan tsofaffin motocin nan sun zama abin ado. Masu kuɗi na sayensu, su gyara su tsaf, su ajiye domin sha'awa. Abin da a da ake zubarwa a matsayin tarkace, yau yana da masu nema da kuɗi a hannu, kuma ɗan kasuwarmu ba zai iya tayawa tare da su ba.

Dalili na uku shi ne iyaka da kuɗi. Dattawan kasuwa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo cikin ƴan kwanaki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairun 2024, iyakar Najeriya kuma aka buɗe ta a watan Maris na 2024. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe har cikin 2025, abin da ya sa kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da ake bi cikin ayari da rakiyar sojoji. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta mun ga abu guda: ƙasar da ba ta da gaɓar teku, kuma ba ta ƙera ko kusar taya, idan aka rufe mata ƙofa motocinta na tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

An koma ƙerawa a waje, amma don wa?

Wani zai kawo mana albishir cewa ai kamfanonin sun farga. Gaskiya ne. A watan Agustan 2021, lokacin da Land Cruiser ta cika shekara 70, kamfanin Toyota ya ba da sanarwar cewa zai koma ƙera wasu kayan gyaran samfurin 40, musamman na inji da na giya da na salansa, a ƙarƙashin wani shiri da ya kira GR Heritage Parts, a fara sayarwa daga 2022. A Ingila kuwa akwai ƙananan masana'antu da suka daɗe suna rayuwa da ƙera kayan tsofaffin Land Rover, har da shasi sukutum, wato ƙashin bayan motar, sabo fil. Akwai ma injunan zamani da ake haɗawa da kwamfuta, su auna tsohon abu su fitar da irinsa na roba ko na ƙarfe.

Wannan ya nuna cewa sake ƙera kayan tsohuwar mota sana'a ce mai riba, tunda manyan kamfanoni ba sa shiga abin da babu ci. Sai dai mu tambayi kanmu, don wa ake yi? Wanda ake nufi shi ne mai sha'awa da ke fita da motarsa ranar hutu, wanda zai yi odar abu ta intanet ya biya da yuro ko dala. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. A ɗora kuɗin jirgi, a ɗora na duwan, a ɗora ribar mai shago, kafin abin ya iso tashar Dakoro ko ta Tanut ya fi ƙarfin mai motar da ke tara kuɗinsa ɗari biyar-biyar daga hannun fasinja. Kuma ko yana da kuɗin, jiran makonni zai yi mota na kwance.

Wani kuma zai ce, to a watsar da tsofaffin mana, a sayi sababbi. Toyota na ci gaba da ƙera samfurin 70 da ta fara a 1984, kuma mota ce ta daji ta gaske, amma sabuwarta sai gwamnati da ƙungiyoyin agaji da manyan attajirai. Yawancin sauran motocin zamani cike suke da na'urorin lantarki, idan suka tsaya sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, alhali tsohuwar kat-kat bakanike na iya buɗe ta a gindin bishiya da sifana da guduma. Babur da mai ƙafa uku sun rage wa mutane wahala, amma ba su ɗaukar buhu ashirin su ratsa tudun rairayi. Kafin kwalta ta kai kowane gari a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, tsofaffin nan za mu ci gaba da hawa.

Abin da hannun gida ke iyawa

Idan har motocin nan suna tafiya yau, to albarkacin kanikawa da maƙera da masu walda ne. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narkar da tarkacen alminiyom a zuba cikin mazubin yashi a fitar da tukunya, ya san cewa hannun da ya yi tukunya zai iya yin murfi ko mariƙin wani abu a jikin inji. A garejin Maraɗi da Damagaram ana yanka bushin daga tsohuwar taya, ana yanka gaskit daga takardarsa, ana buɗe lagireto a wanke a like, ana lanƙwasa sifirin da ya kwanta a mayar da shi. Masu injin sassaƙa ƙarfe suna gyara gangar birki, suna rage karanshaf, suna buɗe silinda su sa mata riga. Wasu ma cire tsohon injin suke yi ɗungurungum, su dasa na wata motar da ake samun kayanta, su ƙera mazaunin da zai riƙe shi. Jikin Land Rover da yake na alminiyom ne ba ya tsatsa, sai a yi ta faci shekara da shekaru. Wannan basira ce da ta cancanci yabo, domin ba don su ba da kasuwanni da yawa sun mutu.

Amma fa yabon gwani ba ya hana a faɗa masa gaskiya. Ƙarfe suna ya tara. Idan bakanike ya ɗauki tsohon abu ya auna tsawo da kauri ya fitar da irinsa, kamannin kawai ya kwaikwaya. Akwai abubuwa biyu da ido ba ya gani. Na farko irin ƙarfen da aka yi abin da shi, domin ƙarfen rodi na gini daban yake da ƙarfen da ake yin aksil. Na biyu irin wutar da aka ba shi. Maƙeranmu sun san cewa idan aka ƙona ƙarfe ya yi ja aka tsoma shi cikin ruwa ko mai yakan yi tauri, idan taurin ya yi yawa ya karye kamar kwalba, idan ya yi kaɗan ya lanƙwashe. A masana'anta ana auna zafin nan da na'ura, ana kuma gwada taurin kafin abu ya fita. Haƙoran giya misali, bayansu ake taurarawa a bar cikinsu da ɗan laushi domin su jure bugu. Wanda ya sassaƙa haƙoran giya daga ƙarfen da ya tsinta, zai shiga daidai, motar ta tashi, amma bayan ƴan makonni sai ya cinye.

Walda ita ma tana da nata haɗarin. Zafinta na canza yanayin ƙarfen da ke gefen inda aka like, wurin ya zama shi ne mafi rauni. Idan abin da aka like ƙofa ce ko salansa, in ya karye an yi asarar kuɗi kaɗan. Idan kuwa sandar sitiyari ce, ko aksil, ko farfela, ko kusoshin taya, ranar da za su karye ba su yin sallama, kuma sun fi karyewa lokacin da mota ta yi lodi tana gangara. Mota mai mutum ashirin a bisa kaya, idan sitiyari ya ƙwace, Allah kaɗai ke kiyayewa. Haka famfon birki da robobinsa, haka famfon gazuwal wanda ma'auninsa ya fi silin gashi siranta, waɗannan ba aikin ƙiyasi ba ne.

A ganinmu, a nan ne ya kamata a ja layi. Duk abin da lalacewarsa tsayar da mota kawai zai yi, a ƙera shi a gida, a ƙarfafa masu ƙera shi. Duk abin da ke riƙe da birki da sitiyari da ƙafar mota, kada a yarda da faci, sai na asali, ko na gwanjo mai lafiya da aka duba, ko wanda aka ƙera a wurin da ke da na'urar gwaji.

Jabu ya fi faci haɗari

Ƙarancin kaya ya buɗe ƙofa ga wata annoba, wato jabu. Wanda ya sa abin da maƙeri ya yi masa, ya san abin da ya sa, yana tafiya yana sauraren motarsa. Wanda ya sayi jabu a cikin kwali mai kyau, ɗauke da sunan babban kamfani, hankalinsa kwance yake alhali yana zaune a kan wuta. Ba duk kayan da ake ƙerawa a Sin ko Taiwan ko Indiya ne marasa kyau ba, akwai daraja ta ɗaya, akwai ta biyu, akwai ta uku, kuma masu shigo da su sun san bambancin tun daga wurin saye. Laifin yana inda aka sayar da na uku da sunan na ɗaya. Muna kira ga ƴan uwanmu masu shagunan kayan gyara da su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye darajar abin da ke hannunsa. Mai araha yana da masu sayensa, babu buƙatar a yi masa ƙarya. Masu motoci kuma su tuna cewa araha ba ta ado: boris ɗin da za a canza sau uku a shekara, tare da kuɗin aiki da kwanakin zama, ya fi mai tsadar tsada.

Darasi daga maƙwabta

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A garin Nnewi da ke kudu maso gabashin Najeriya, ƴan kasuwa ne masu sayar da kayan gyara suka ga shigo da kaya ya yi wuya a shekarun 1980, sai wasunsu suka sayo injuna daga Taiwan, suka tura yaransu koyon aiki, suka fara ƙera ƙananan kaya da kansu. Yau garin ya yi suna da masana'antu, har akwai kamfanin Innoson da ke harhaɗa motoci a can. A Kumasi ta ƙasar Gana, inda ƴan uwanmu da yawa ke zaune a zango, akwai unguwar Suame Magazine da dubban kanikawa da maƙera ke aiki wuri guda. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin unguwar, ta kawo injuna, tana koya wa masu sana'a aikin da hannu kaɗai ba ya yi.

Abin lura a misalan nan biyu shi ne, a ɗaya kuɗin ƴan kasuwa ne ya motsa, a ɗayan kuma makaranta ce ta sauko ta tarar da masu sana'a a inda suke. Dukkansu muna da kayan haɗa su. Alhazan Maraɗi ba a san su da ƙarancin jari ba. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, muna da makarantar EMIG a Yamai, muna da asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai jari da mai ilimi da mai guduma a inuwa ɗaya.

Abin da muke ganin ya kamata a yi

Ƙungiyoyin direbobi da masu motoci na kowace tasha su zauna da kanikawansu su rubuta kayan da suka fi lalacewa da waɗanda suka ɓace a kasuwa. Ba za su wuce ƴan gomomi ba, domin samfuran motocin kaɗan ne. Mai injin sassaƙa ƙarfe ba zai sayi ƙarfe mai kyau ya ɓata yini yana saita inji saboda abu ɗaya ba, amma idan aka ce masa ana son ɗari, zai yi, kuma farashin kowane zai sauko. Kayan birki da na sitiyari da dole sai an kawo daga waje, a haɗa kuɗi a yi oda ɗaya kamar yadda mata ke yin adashi, maimakon kowa ya tafi Kano shi kaɗai ya biya kuɗin hanya saboda abin da bai cika tafin hannu ba.

Kanikawa su daina jefar da tsohon ƙarfe na asali ko da ya lalace, su ajiye guda a matsayin ma'auni, su rubuta awonsa a littafi. Dattawan gareji da suka san motocin nan ciki da waje suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke kansu yana tafiya da su.

Hukumomi kuma muna roƙonsu abu biyu. Su sassauta kuɗin duwan a kan injunan aikin ƙarfe da ƙarfen ƙira mai inganci, domin wanda ya shigo da inji aikin yi ya shigo da shi. Sannan a samar da wurin gwaji ko da guda a kowace babbar jaha, cikin makarantun fasaha, inda maƙeri zai kai abin da ya yi a auna taurinsa da kuɗi kaɗan. Masu duba lafiyar motoci su ma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota, kada a tsaya ga takarda.

Ku kuma iyayenmu mata da sauran ƴan kasuwa, kuna da ƙarfin da ba ku cika amfani da shi ba, domin kuɗinku ne ke juya tayar. Kun san motocin garinku ɗaya bayan ɗaya, kun san wadda ake ɗaure mata sitiyari da waya, kun san wadda sai karen mota ya diro ya sa mata dutse kafin ta tsaya. Idan kuka haɗa baki kuka ce ba ku hawa sai an gyara, za a gyara. Idan kuma direba mai kula da motarsa ya ƙara ɗan abu a kan buhu saboda ya sa kaya na ƙwarai, kada ku guje shi ku koma wa mai araha. Kuma a rage matsa wa direbobi su ɗora abin da ya fi ƙarfin mota, domin lodin wuce kima shi ne babban abin da ke karya sifirin da aksil, waɗanda su ne ake wahalar samu.

Kamfanonin da suka ƙera motocin nan sun yi nasu sun wuce, kayan da suke sake ƙerawa yau na masu sha'awa ne. Ko tsofaffin kat-kat za su ƙara kai mu kasuwa shekara goma nan gaba, ya danganta ga abin da masu jari da masu sana'a da hukumomin ƙasar nan suka yi tun yanzu. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, ya maido shi gida da riba.